Na Je Garwa Neman Waya Biyu

Ƙamshin ƙasar da ruwan dare ya jiƙa ne ya raka mu tasha. Mun tashi da asuba daga Kaele, ni da yayana, aljihuna ɗauke da ɗan abin da na tara daga koyarwa. Na'urar CD ɗin gidanmu ta tsufa, ta fara tsallake waƙa, kuma tun ina ƙarama sifika ɗaya ce kawai ke magana, ɗayar kuwa, da aka ce wayarta ta lalace, mun mai da ita wurin ajiye tasbaha. Abin da ya dame ni shi ne faifan bikin Inna da Baba, wanda aka kwafo daga kaset. Shi kaɗai ne, kuma Inna ta daina saka shi don tsoron kada na'urar ta karce shi. Ina so ta sake jin bikinta, shi ya sa muka nufi Garwa sayo wata na'urar.

Hanya ta yi kyau da damina. Gonakin auduga sun yi kore shar, duwatsu na leƙowa ta bayansu kamar tsofaffi a bakin zaure. A Figil muka sayi ƙosai mai zafi, wata mata ta miƙo min jaririnta na riƙe, har muka wuce Pitowa bai farka ba. Direbanmu yana gaida kowane rami da suna, da Fulatanci.

Garwa ta tarbe mu da zafinta da ƙarar babura. A layin masu kayan sauti kowane shago yana ƙoƙarin rufe bakin maƙwabcinsa. Muka shiga na wani dattijo, jikan 'yan kasuwar Kano, ya nuna mana wata na'ura ta gwanjo, baƙa, mai nauyi, tiren faifanta yana fitowa a hankali kamar mai kunya. Na so ta nan take. Sai ya ɗauko wayoyi masu kan ruwan zinariya.

"'Yata, da waɗannan har numfashin mawaƙi za ki ji."

Yayana ya ce, "Baba, numfashi muna da shi a gida. Kawo na talakawa."

Dattijon ya yi dariya, ya ba mu masu jan kai da farin kai, ya auno mana wayar sifika biyu masu kauri, ya rage mana kuɗi saboda, in ji shi, 'yan Kaele sun sha hanya. Abin da ya saura ya ishe mu gasasshen kifin Binuwai da zoɓo mai sanyi. Na rungume kwalin na'urar a cinyata har gida, ina jin kamar amarya na ɗauko.

Da la'asar washegari muka haɗa komai a falo. Inna ta goge faifan da gefen mayafinta, ta saka da bisimilla. Kalangu ya tashi daga hagu yadda muka saba. Sai sifikar dama, wadda ta yi shekaru shiru, ta buɗe baki: muryar wani saurayi ce, siririya, tana rawa, yana rera wa amarya waƙa yana kiran sunan Inna, yana kuskure amshi abokansa na dariya.

Inna ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Baba ya kalli rufin ɗaki.

"Alhaji, ashe kana nan," in ji Inna.

"Wannan yaron ban san shi ba," in ji Baba, ya tashi wai zai yi alwala, alhali bai daɗe da yi ba. Amma a bakin ƙofa ya tsaya har waƙar ta ƙare.

Tafiyar ta koya min cewa mutum yana iya rayuwa da rabin waƙa yana zaton ita ce duka. Sai da aka kwashe auduga, watanni bayan nan, Inna ta gaya min muna tsince shinkafa cewa tsohuwar wayar ba lalacewa ta yi ba. Baba ne ya datse ta da almakashi ranar da yayana ya fara wayo, don kada 'ya'yansa su ji shi yana waƙa.