Jinin 'Yata a Kwalba

Ana saura 'yan shekaru a samu mulkin kai muna haya a Tudun Wada, maigidana yana aikin reluwe. Da faɗuwar damina idanun 'yata ta fari suka yi ruwan ɗorawa. Surukata ta ce shawara ce, ta dafa mata saiwoyi. Yarinya ta sha ba musu, amma cikinta sai ƙara kumbura yake.

A asibiti aka ɗebi jininta a 'yar kwalba, aka ce sai an aika Ikko an gwada. Muka koma gida jira. Kullum da safe nakan kai ta inda haske yake, in ɗaga fatar idonta in duba.

Da sakamako ya iso, likita Bature ya yi bayani, malamin asibiti ya fassara wa maigidana: "Malam, ba shawarar da aka saba ba ce. Jikinta ne ke faɗa da hantarta."

Ban san lokacin da na sa baki ba. "Nonona ne ya jawo?"

Malamin asibitin ya ce, "A'a, ba laifin kowa ba ne."

Yarinyar ta rayu har ta iya yi wa ƙanwarta kitso. Bayan wata Babbar Sallah Allah ya karɓi abinsa.