Filin da Jatau Ya Share

A Kazage na tashi, a gidan da bayan danga sai gona, bayan gona sai daji. Idan aka kwashe dawa, mu yaran unguwa mukan mai da gonar babanmu fagen yaƙi. Bakanmu na reshen geza ne, kibiyarmu ta kara, mu soka mata totuwar masara a baki don kada ta ji wa kowa ciwo. Wanda aka harba sai ya fita, ya zauna gindin ɗorawa yana yi wa saura ihu.

Yayana Sale ya fi kowa hannu. Ya kuma gano wani dogon suri a tsakiyar gonar, wanda in ya hau yana ganin kowa, babu mai iya zagayo shi. Har ya sa muka kwashe tarin karan da ƙanana ke laɓewa a bayansa, wai yana hana a gane gwani. Ba a jima ba yara suka fara zamewa. Wata yamma daga ni sai shi muka fito, ni ma don ina tsoron ranƙwashinsa ne.

Kakarmu Iya Tabawa tana ganin komai daga bakin rumbu. Ranar, da muka ci tuwo, ta kira mu bakin murhunta inda take gasa mana doya a toka. Mace ce mai barkwanci, amma sai ta yi ƙasa da murya, har muka ji kukan wani tsuntsu daga can cikin daji.

"Ga wata nan tafe daga bakin kurmi," in ji ta. "Ku matsa mata."

Muka ce, "Ta iso, muna ji."

Ta ce a zamanin da, samarin wani ƙauye suna da fili a bakin daji inda suke irin wasanmu. Filin cike yake da sabara da kalgo, ga wani dutse a tsakiya. Gwani ya hau dutse, mai tsoro ya shige sabara, wani lokaci ma mai tsoron ya lallaɓo ya harbi gwanin a ƙeya, kowa ya faɗi yana dariya. A cikinsu akwai Jatau, ɗan maharbi, wanda kibiyarsa ba ta faɗuwa banza. Jatau ya tsani a yi masa dariya. Wata asuba ya ɗauki adda ya sare duk wani ɗan itace a filin, ya bar fako fetal da dutsensa. Daga ranar ba a sake cin sa ba. Daga ranar kuma abokansa suka riƙa samun uzuri, wannan ciwon ƙafa, wancan aiken uwa, har ya zama shi kaɗai ke zuwa, ya hau dutse ya yi ta fito yana kiransu.

Wata rana da rana ta yi ja, sai aka amsa masa fiton daga cikin daji. Samari suka fito a jere, kowa da bakansa, tsayinsu ɗaya, tafiyarsu ɗaya. Jatau bai san ko ɗayansu ba, kuma duk wanda ya kalla sai ya ga kamar fuskarsa tana cikin inuwa. Amma murna ta hana shi tambaya. Aka fara wasa. Ya harbi na farko a ƙirji, saurayin bai yi dariya ba, bai yi fushi ba, bai kuma fita ba. Ya harbi na biyu, haka. Sannan suka ɗaga bakansu gaba ɗaya, ya ga babu totuwa a bakin kibiyoyinsu.

Iya ta juya doyar da sanda, ta bar mu muna jiran ta.

"Ya diro daga dutse, ya ruga neman wurin ɓuya. Ya je inda sabara take, kututture. Ya je inda kalgo yake, kututture. Shi da hannunsa ya sare su."

Da safe aka sami bakansa a kan dutsen, an ajiye shi a tsanake. Shi kuwa ba a gan shi ba. Amma ta ce duk kaka, masu dawowa daga itace sukan ji fito daga wajen, na mutum ɗaya, yana kira.

Na tambaye ta, "Iya, su wane ne suka zo?"

"Maigidana," ta ce da ni, don haka take tsokanata, "waɗanda ba sa zuwa wasa don daɗi."

Sale ya turo baki. "Wato laifi ne mutum ya iya harbi?"

"Wa ya ce? Da an fasa dutsen, Jatau ne zai daina zuwa, kuma wasan da babu gwani a cikinsa shiririta ce. Ka hau surinka. Amma ka bar wa ƙannenka hanyar da za su zo bayanka." Muka jira ta rufe da ƙurunƙus, ta ƙi. Ta ce wannan ba a rufe ta, don mai fiton bai daina ba. Na kwana manne da bango, kunnena a kan daji.

Da safe na ga Sale yana jan kara zuwa bayan surin. Yara suka dawo. Ƙanwarmu Hanne, wadda ko baka ba ta iya ja sosai ba, ita ta fara samun sa a gadon baya.

Iya ta rasu da daɗewa, mu ma rashin zaman lafiya ya taso mu daga ƙauye. Yanzu a Kaduna nake, ni da abokai muna haɗa wasan harbi na waya, aikina kuwa zana filin da 'yan wasa za su fafata a ciki. Bara gwanayen 'yan wasanmu suka matsa mini in cire lungunan ɓuya, wai matsorata na ɓata musu gasa. Na cire. Masu shigowa don nishaɗi bayan sun tashi daga aiki suka watse, gwanayen suka rasa abokan karawa. Sai wani abokin aikina ya cika filin da 'yan wasan da kwamfuta ke sarrafawa, ya ce in gwada.

Na shiga, na hau wata hasumiya da ke tsakiyar filin. Suka fito a jere, tsayinsu ɗaya. Na harbi ɗaya, babu ihu, babu zagi, babu dariya. Sauran suka juyo suka kalle ni a tare. Ni da na san lissafi ne kawai ke motsa su, sai ga ni na kife wayar.

Ina yaro na ɗauka labarin gargaɗi ne ga mai girman kai. A ranar na gane cewa Jatau bai rasa komai ba sai mutanen da za su iya yi masa dariya, kuma su ne suke kare shi. Na mayar da lungunan, na bar hasumiyar, na haƙa kwalbati a bayanta. A makon nan wata tela maƙwabciyarmu, da ba ta taɓa cin kowa ba, ta bi ta kwalbatin ta kayar da zakaranmu. Ta katanga na jiyo shewarta. Shi kuwa ya kira ni yana ta faɗa, ya ce filin nan bai yi ba sam, sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa matar take shigowa.