Muryar Yaya a Shagon Waya

Kwanakin baya 'yata ta miƙo mini wayarta, ta ce in karanta gardamar da ake tafkawa a intanet. Wani ne ya ɗauki bidiyon wani dattijo a motar haya yana waya da ƙarfi, ya saka duniya ta gani. Wasu na cewa a kafa doka a kan masu damun jama'a da waya. Wasu kuma suka zarce, wai dama ya kamata hukuma ta riƙa bin abin da kowa ke faɗa da wanda yake rubutawa, mai gaskiya me zai ji tsoro. Na karanta kaɗan na mayar mata. Ta ce, "Mama, ke wane ɓangare kike?" Amsata doguwa ce, kuma ta faro tun ba a haife ta ba.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, soja ke mulki, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Tsafe. Waya a gida sai manyan 'yan kasuwa. Mai son jin muryar nasa da ke nesa sai ya hau mota ya shiga Gusau. A Tudun Wada akwai shagon wani Kirista mutumin kudu, kowa Oga yake ce masa. Ya daɗe a garin, Hausarsa ba ta da gyara. Waya ɗaya ce a kan kanta, sai bencina da fanka mai ƙara. Babu ɗaki, babu ko labule. Mai magana na tsaye, masu jira na zaune dab da shi.

Duk da haka wurin yana da ladabinsa, wanda ba wanda ya koya wa kowa. Da mutum ya ɗaga waya sai kowa ya sunkuyar da kai, wannan ya ja carbi, wancan ya zuba wa titi ido. A shagon nan na ji mace tana kuka tana roƙon mijinta ya dawo daga Legas. Na ji uba yana tsine wa ɗansa, ya dawo yana lallashinsa. In ka fito, ba ka ji komai ba. Oga yana da 'yar rediyo a gefensa, da ya ji magana ta fara nauyi sai ya ƙara mata murya, ya rufa wa mai maganar asiri.

Yayana malamin gona ne a Bungudu. Sanƙarau ya kama shi yana yaro, ya tashi, amma kunnensa na hagu ya mutu, na daman ma sai an ɗaga murya. Shi ya sa bai san yana ihu ba. In yana hira a zaure, matan cikin gida har dariya suke taya shi. Mutum ne mai son aikinsa kamar me. Zai tsayar da babur a tsakiyar hanya don ya ga dawar wani ta yi rawaya, ya nemi mai gonar har gida.

Autarmu tana aure a Fatakwal. Babu waya a gidansu, sai a gidan maƙwabta. Sai mu buga mu ce a kira ta, mu koma benci mu jira, sannan mu sake bugawa. Mun saba ni da Yaya mu haɗu a Gusau ran Asabar, shi daga Bungudu, ni daga Tsafe, mu yi mata magana, mu kai wa Inna, mahaifiyarmu, labari a 'Yandoto.

Wata Asabar a farkon damina muka tarar da shagon cike. A cikin masu jira akwai abokin Yaya, wanda suka yi makaranta tare, Inna ma ɗana take ce masa. A lokacin ba shi da aikin kirki, kullum yana sakatariya yana neman a sa shi a wani wuri, tunda sabuwar jiha ce, kujeru na fitowa. Ya tashi ya rungumi Yaya, ya gaishe ni, har ya ce mu shiga gabansa.

"Ku yi taku, ni ba sauri nike ba," in ji shi.

Ni na fara magana da auta, sannan na miƙa wa Yaya. Ashe ta tambaye shi ko an samu takin zamani an zuba a gonar Inna. Sai na ji ya ce, da muryar nan tasa da ke cika ɗaki:

"Wane taki? Takin da aka sauke a sito a kan idona, tireloli suka zo suka kwashe? Manoma sun yi layi rana ta gasa su, aka ce musu bai iso ba. Ya iso, ƙanwata, ya kuma wuce. Manya ne, masu kaki da masu babbar riga, kowa ya ja nashi!"

Oga ya murɗa rediyo har tana rawa. Na ja hannun rigar Yaya. Ya juyo ya ce, "Mi? Ƙarya nike?" Ya ci gaba da maganarsa, ya gangara kan ciwon ƙafar Inna, ya yi dariya, ya ajiye waya. Mutanen benci duk kansu na ƙasa. Abokin nasa bai ma jira tasa wayar ba, ya ce layin ya yi tsawo, ya raka mu har tasha, ya sayi rake ya ce a kai wa Inna.

Cikin makon da ya biyo baya, da rana tsaka, wasu mutane cikin kayan gida suka je ofishin Yaya a Bungudu da mota marar lamba. Suka ce ya zo ana son ganinsa. Babur ɗinsa ya kwana a gindin bishiya. Washegari matarsa ta iso mini Tsafe da goyo, idonta ya kumbura.

Babu ƙofar da ba mu buga ba a Gusau. Nan a ce ba a san da shi ba, can a ce mu dawo gobe. Wani da ya ji tausayinmu ya ja ni gefe ya ce, "Malama, ki daina yawo. Akwai dokar da ta ba su dama su tsare mutum ba sai an je kotu ba. Ku yi ta addu'a." Na tambaye shi laifin Yaya. Ya ce wai yaɗa maganar da za ta tunzura jama'a.

Tsarewar ta yi mini ciwo, amma abin da har yau bai bar ƙirjina ba shi ne abin da mutane suka riƙa faɗa. A motar Gusau, a ɗakin malamai, a gidan suna, zancen ɗaya ne. "Ai shi ya ja wa kansa. Mutum ya tsaya cikin jama'a yana ihu kamar mai shela." Wani ya ce waya ba dandali ba ce. Shugaban makarantarmu, da sunan jaje, ya zaunar da ni ya yi mini lacca a kan ladabin magana a bainar jama'a, wai ɗan boko kamar Yaya ya kamata ya san inda ake sassauta murya. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ba ya ji ne." Ya ce to ai sai ya rubuta wasiƙa.

Aka yi ta gardama a kan ƙarfin muryar Yaya har damina ta yi nisa. Ban ji wanda ya tambayi inda takin ya tafi ba. Ban ji wanda ya tambayi waye ya ɗauki maganar daga benci ya kai ba. Dawar mutane ta tsaya guntuwa tana rawaya a Bungudu da 'Yandoto, masu gonakin suna wucewa ta gefenta suna cewa malamin gona ba shi da kamun baki. Shi ya sa in na ga an fara da ƙorafin hayaniya an ƙare da neman a sa wa kowa kunne, jikina yake sanyi. Na taɓa ganin tafiyar, na san ba ta da nisa.

Shi ma Oga bai tsira ba. An tafi da shi ya amsa tambayoyi, aka yanke masa layi na wani lokaci. Ranar da na koma don in gaya wa auta halin da ake ciki, na tarar an liƙa kwali a bango an rubuta banda maganar gwamnati. Rediyon babu. Oga ya bar kujerarsa, yana tsaye kusa da mai magana, yatsansa a kan maɓallin katsewa. Wani tsoho na gabana yana gaya wa ɗansa cewa sun je asibitin gwamnati ba su samu allura ba, kafin ya rufe baki Oga ya danna. Tsohon ya yi ta cewa alo, alo, yana duban wayar. Oga ya ce, "Baba, layi ne ya ɗauke," amma bai iya haɗa ido da shi ba.

Da shagon ya rage mutane Oga ya ce mini, "Malama, ki yi haƙuri. An ce in riƙa saurare, in ba haka ba su rufe ni. Ina da yara a makaranta." Ya leƙa waje, ya dawo. "Ranar da suka kai ni, na wuce wata ƙofa a buɗe. Mutumin nan da ya ba ku layinsa yana ciki, yana shan shayi da su. Ya gan ni, ya kawar da kai."

Na fito na nufi tasha. Ban gaya wa Inna ba. Ta riga ta rame, ta daina cin abincin kirki, kullum tana zaune a bakin zaure tana duban hanya. In na ce mata ɗan da take sa wa albarka ne, ban san abin da zai same ta ba.

Sai da aka yanke gero suka sako Yaya. Ba a kai shi kotu ba, ba a kuma ce masa ya yi haƙuri ba, mota kawai ta ajiye shi a bakin titi. Rigarsa ta yi masa yawa. Da muka yi masa sannu sai ya riƙa bin leɓunanmu da ido. A kunnen nan mai ɗan ji suka riƙa marinsa, don sun ce in ana masa tambaya yana yi kamar bai ji ba. Abin da ya rage masa na ji ya tafi, sai ɗan kaɗan.

Murya kuma ta koma ciki. Tunda ba ya iya auna ta, kuma ya ga abin da ta jawo, sai ya zaɓi raɗa. Mutumin da ake jin hirarsa daga ƙofar gida, sai ka kai kunnenka bakinsa. Wurin aiki suka ce ya yi watanni bai zo ba, suka sallame shi. Ya kwashe iyalinsa ya koma Bilbis wajen surukansa, suka yankar masa gona. Da aka koma mulkin farar hula wasu suka ce mu kai kuka. Mun kai. Aka ce a bar abin da ya wuce ya wuce, ƙasa na neman zaman lafiya.

Abokin nasa kuwa ya samu kujera tun Yaya na tsare. Ya yi ƙiba, ya sayi mota, aka fara ce masa Alhaji tun kafin ya je.

Inna ba ta ƙara wata damina ba. Ranar da ta rasu, bayan an kai ta, dole a sanar da auta. Na ce wa Yaya ya zauna da masu gaisuwa ni in je, ya girgiza kai, ya ce shi ne babba, daga bakinsa ya kamata ta ji. Muka shiga Gusau, muka buga aka kira ta, muka jira. Ya karɓi wayar da hannu biyu. Ina ganin leɓunansa na motsi, amma ko ni da ke gefensa ban ji abin da yake cewa ba. Daga cikin wayar ina jiyo auta tana cewa, "Yaya? Yaya, ba na jin ka! Ɗaga murya!" Ya dubi bencin, ya dubi Oga, ya sake gwadawa, abin ya ƙi. Ya miƙo mini, ya fita ya tsaya a rana. Ni na faɗa mata, a gaban baƙin fuskoki, Oga na tsaye a kaina yana share ido da bayan hannu.

Ana zaman makoki a 'Yandoto sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida. Abokin Yaya ne, cikin farar shadda, da mutane biye da shi. Aka tashi aka ba shi tabarmar gaba. Ina leƙe ta jikin zana. Ya yi doguwar addu'a, ya ce Inna uwa ce a gare shi. Sannan ya matsa ya dafa kafaɗar Yaya, ya sa baki a kunnensa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Allah ya ba mu haƙuri, ɗan'uwa!"

Yaya ya ce amin, ya ba shi hannu. Na san ya sani, don sun karanta masa maganarsa a can kalma bayan kalma, ya kuma tuna wanda ke zaune kusa da kantar Oga a ranar. Amma ya ba shi hannu, mutane suna gyaɗa kai suna cewa ka ga zumunci.

Aka aiko cikin gida a zuba wa babban baƙo abinci. Ni ke kan tukunya. Na tsaya da mara a hannu har wata gwaggonmu ta ce, "Ke, mi kike jira?" Na kwashe tuwon dawa na sa a kwanon da ya fi kyau, na zuba miyar kuka, na ɗora nama. Ya cinye tas, ya aiko a ce wa mai girki an gode.