Jelani Maccido, Mai Nemo Mana Shaidu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Jelani Maccido a Kaura Namoda, bayan jinyar kwana tara. Shekarunsa talatin da huɗu. An yi masa sutura bayan la'asar a Kasuwar Daji.

Jelani, gara in faɗi gaskiya, farkon haɗuwarmu ban so ka ba. Muna karatun difloma a Kaura, a shekarun da kowane ɗan ruga ke ɓoye harshensa, domin da an ji Fulatanci a bakin mutum sai a fara yi masa kallon ɗan bindiga. Ka tare ni a gaban 'yan aji ka gaishe ni da Fulatanci, ka ce, "Jam waali?" Na yi kamar ba da ni kake ba. Ka yi dariya ka ce, "Haba Misbahu, hancin nan naka ya riga bakinka amsawa." Mako biyu ban kula ka ba.

Kai ka kafa ƙungiyar ɗalibai 'ya'yan ruga, mu goma sha ɗaya. Abin da ya tsaya mana a wuya shi ne takardar shaidar asali, wadda in babu ita babu jami'a. Mai ba da ita tambayarsa ɗaya ce: ina gidan kakanka? To wanda aka haifa a bukka, a bayan shanu, wane gida zai nuna? Ni da bakina mai zafi na ce mu fita zanga-zanga. Ka ce a'a, shaidu za mu nemo.

Ka tuna mana cewa bayan an cire amfanin gona, kakanninmu kan sauke shanu a gonakin manoma su bar musu taki, kuma kowane gida yana da manomin da yake sauka wurinsa shekara da shekaru. Ka hau babur, daga Birnin Tsaba har Galadi, kana neman tsofaffin nan, a lokacin da manomi da makiyayi ko gaisuwa ba sa yi. An zage ka, an kore ka, a wani ƙauye an tsare ka wuni guda. Ba ka fasa ba.

Nawa shaidan shi ne Malam Ado na Kasuwar Daji. Ya tsaya gaban mai takarda ya ce, "Kakan yaron ga shekara ashirin shanunai na kwana gonata. In shi baƙo na, to hatsin da munka ci ma baƙo na." A ranar aka sa hannu. Da wannan dabarar ka samo wa mutum arba'in da uku takarda. Na tafi jami'a, yau ina koyarwa a Shinkafi. Kai ka tsaya a difloma, ka buɗe wa yaran ruga aji, kana fara musu da harshen gida kafin Hausa da boko. In na tsokane ka da maganar digiri sai ka ce, "Ni da jami'a? Wa zai riƙe alli?" Ni kuwa wawan, na yarda.

Ranar sadakar uku aka riƙo hannun Malam Ado aka kawo shi. Ya zaunar da ni ya ce ashe kai ma, Jelani, kakanka a gonarsa yake sauka, amma an shaida muku cewa shaida ɗaya gida ɗaya kawai zai tsaya wa. "Nic ce mishi shi za ni tsaya ma. Yac ce in tsaya ma wancan mai taurin kan, kuma kar in hwaɗi." Ba ka sake samun wani shaida ba. Ka rasu ba ka da takardar.

Wallahi Jelani na ji haushinka, sannan na ji kunya. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a gurbinka ina yi maka ba'a.

Ina miƙa ta'aziyya ga Baffa Maccido, da maiɗakinka Mardiyya, da 'ya'yanka Abbati da Karima. Su ma ba su da takarda, tunda ubansu bai da ita. Ranar Litinin zan kai su ofishin, in an ce babu shaida, a soke tawa, Malam Ado ya tsaya musu a rubuta musu.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka, ya sa Aljanna ce makomarka. Can ba a tambayar gidan kaka. Amin.