Turmin Inna da Layin Wayata

Ranar Talata, bayan la'asar, ina tsaye a ɗakin soron Inna, kakata, a nan Haɗeja, ina ɗaga waya sama kamar mai kamun sauro.

Kiran wani wurin aiki nake jira tunda na gama jami'a. Layina ba ya kamawa a cikin ginin ƙasar nan. Na gwada wasu biyu, ɗaya ya kawo sabis har kan gado. Sai na tuna tsohuwar lambar ce a takardun neman aikin. In na canza, su kira wa?

Inna tana kallona. Ta ce, "Mai gidana, kawo tsohon layin nan. Kan turmin bayan rumbu yake kamawa, in ka fuskanci gabas."

Na ce, "Inna, ya aka yi kika sani?"

Ta yi dariya. "Kai da boko! Irin layina ne. Kana zaton duk kiran da kake yi min daga makaranta ran Juma'a a ɗaki yake samuna? A can nake zama tun azahar. Shekarar da kogi ya shigo unguwa ma, da ƙafata cikin ruwa na amsa maka."

Ni kuwa a lokacin har mita nake yi wai muryarta na yankewa.

Yanzu tare muke zaman turmin. Abin da ban sani ba: ko za su kira, wane layi zan riƙe, da kuma Juma'a nawa ta zauna a can ni na manta ban kira ba.

Ku a gidanku, ina ake tsayawa a amsa waya?