Ni Na Riƙe Igiya a Ramin Tamar Baba

Damina biyu da sauke tutar Nasara, shekarar da na yaye Sale, bayan an ɗaure gero, muka yi tafiyar nan. Ni Tsahara ɗiyar maƙeri, da ƙanwata Hajo, da taubashina Mushe Idi, ɗan kawunmu mai koyarwa a lakol ta Agiye, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe. Shi Idi in an ba su hutu, sai ya bi tsofaffin ramukan da maƙera suka haƙi tama, dutsen da ake narkawa a fid da ƙarfe. Ya shiga da fitila, ya duba, ya fito, ba ya ɗauko komai. Sha'awa kawai. Ramin Baba kuwa, a dajin Sae Sabuwa, ni kaɗai na san shi, don lokacin da muke zaune can ni nake kai masa fura, tun Hajo tana bayan Inna.

Ni abin da ya tashe ni daban. Maƙeranmu, ranar da za su bar rami, sai su shafe bangon ƙarshe da jar laka su danna tafin hannu. Baba ya rasu. Ina son in sa hannuna cikin nasa.

Rana ta farko

Mun bar Gangara a kan jakai kafin kiran asuba, hantsi ya yi mana a Gazawa. Can muka hau kamyon gyaɗa, dala bibbiyu. Hajo ba ta taɓa hawa mota ba, ta yi ta amai har Agiye. Na ce, "Ke da ma kin zauna gida, sillan kara." Ta ce, "Yaya, ai Babana ne ni ma." Muka kwana gidan Idi, tuwon gero da miyar kuka.

Rana ta biyu

Idi ya fito da igiya gaba talatin, a nannaɗe. Da muka samu motar Maradi, shi da direba suka kasa jefa ta saman kaya. Na ture su, na ɗaga da hannu ɗaya. A mashigar Maradi jandarma ya tsai da mu, ya ce, "Igiyar nan, wa za ku ɗaure?" Idi ya nuna ni: "Wannan, in ta tashi faɗa." Na ce, "Ni da nake jan guga a rijiyar Gangara ni kaɗai? Ku goma ba ku ɗaure ni." Har muka isa Tibiri da la'asar bakina bai huta da zancen ƙarfina ba.

Rana ta uku

Da sallar asuba muka kama hanya a ƙasa. Rana ba ta kai tsaka ba na ga tsamiyar da nake ajiye ƙwaryar fura. Ga ramin nan, geza ta rufe bakinsa. Idi ya zura fitila da zare, ta sauka ba ta mutu ba. Na fara ɗamara. Sai ya miƙo mini bakin igiya.

"Mene ne wannan?"

"Ke ɗiyar maƙeri ce, kin san doka. Wanda ya fi ƙarfi shi ke riƙewa. Tun jiya kike gaya wa duniya ko wane ne."

Na dubi Hajo. Ko ɗan akuya ba ta jawowa daga ramin nan. Na naɗa igiya a ƙugu, na dafe gindin tsamiya da ƙafa. Idi ya sauka, ita ta bi shi.

Ina sama, rana tana dukana, ina jin muryarsu can ƙasa. Har dariya Hajo take! Ni na kai furar, ni na san hanyar, ita ko fuskar Baba ba ta riƙe sosai ba. Wallahi sai da zuciyata ta ce in fizge ta tun ba ta kai ba. Na ciji leɓe, na ci gaba da saki.

Can aka girgiza igiya da ƙarfi. Na jawo Hajo, na jawo Idi, fitilarsa a mace, yana haki. Ya ce iskar ciki ta ɓaci, rufin kuma yana zubo da ƙasa, ba mai sake shiga. Na ce ni sai na shiga. Ya ce, "To wa zai jawo ki?"

Hajo tana kuka. Ta buɗe tafin damanta, ja wur. "Yaya, yana nan. Ƙaramin yatsan nan nasa da masaba ta lanƙwasa, har shi ya fito."

Na kama hannun na murza a nawa, har jan ya koma tafina.

Komawa

Kwana biyu muka yi a hanya, ban yi mata magana ba sai a Gazawa, kuma ban wanke hannun ba sai da alwala ta cinye shi. Muka iso Gangara da magariba lafiya, mun gode Allah. Da damina ta zo, ramin ya rufta.

Idi ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansa. Daga mutanen lokacin nan saura ni, da Sale da ya yi furfura, da Hajo. Tana nan bayan dangata, ba haƙori ko ɗaya. Har yau in jikoki sun taru sai ta ɗaga hannun nan tana ba su labari. Ni kuwa in leƙo in ce, "Ku tambaye ta wa ya fid da ita."