Obadiah da Tukkun Zaid

Obadiah mai aski ne a bakin titin da ya bi ta Karmo ya nufi Idu. Shagonsa kwantena ce mai shuɗin fenti, da kujera ɗaya mai juyawa wadda ta daina juyawa, da benci na masu jira. A jikin ƙofar an zana kawunan maza shida, kowane da salon askinsa, amma ko wanne ka nuna, aski iri ɗaya za ka tashi da shi. Na taɓa yi masa maganar. Ya ce, "Oga, mai zane daban, mai aski daban. Ni ban aike ta ba."

Haifaffen Jiwa ne, ɗan Gbagyi, Kirista, shekararsa hamsin da 'yan kai. Ya yi noman doya da mahaifinsa har ranar da wasu mutane suka zo da na'urar awo suka kakkafa duwatsu, gonar ta zama filin gidaje. Daga nan ya shiga wata masana'antar buhuna a Idu, ya shekara shida a gindin inji guda, ya fito da kunnen hagu wanda sai an ɗaga murya yake ji. Aski da girmansa ya koya, a wurin wani ɗan cocinsu. Hausarsa ta kasuwa ce, a bakinsa kowa mace ne, har limamin unguwa.

Ta dalilin ɗana Zaid na san shi. Zaid ya rasu shekara biyu da suka wuce, yana da sha ɗaya, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ba wannan labarin zan bayar ba. Na mako guda ne, lokacin yana ɗan shekara bakwai.

Yana da huɗu likita ta gaya mana yana da otizim, abin da ake kira galahanga a rediyo. Bai cika magana ba, ba ya haɗa ido da mutum, wasu ƙararraki kuma kamar allura suke shigarsa: injin markaɗe, ƙararrawa, da kilifar aski, wadda ta fi su duka. Shago huɗu muka gwada. A na ƙarshen mutum uku suka danne shi, ya ciji ɗaya, ya yi kwana biyu bai ci abinci ba. Mahaifiyarsa Mashkura ta ce ba za a sake ba. Muka bar gashin ya yi abin da ya ga dama, ya kuwa yi.

Wata Litinin ya dawo daga makaranta da takarda a jaka. Makarantar ita ce ta shida da muka nema, ita kaɗai ta karɓe shi, kuma a nan ya fara zama a kujera minti ashirin bai tashi ba. Takardar ta ce dokar makaranta ce kowane ɗalibi namiji ya zo da aski ƙasa-ƙasa, kuma idan Litinin mai zuwa Zaid bai zo da aski ba, ya zauna a gida. Shugabar makarantar, Madam Rita, ita ta sa hannu.

Wani abokin aikina ya ce in gwada wani mai aski a hanyar Idu, wai ba ya gaggawa, shi ya sa ba ya tara layi.

Ranar Talata da la'asar muka je. Zaid ya tsaya a bakin ƙofa ya toshe kunnuwa. Obadiah ya dube shi, ya ajiye kilifa, ya fita ya kashe janareta, ya dawo ya kashe rediyo. Mutumin da ke kan kujera ya kalli madubi ya ga rabin kansa.

"Haba Baba Obadiah, rabi fa ka yi mini!"

"Zauna. Kanka ba ta gudu."

Na fara yi masa bayani yadda likita ta yi mana, dalla-dalla, da sunayen abubuwa. Yana ta gyaɗa kai. Sai daga baya na gane kunnen hagu ya juyo mini. Idonsa yana kan Zaid, wanda ya zauna a dakalin ƙofa yana kallon titi.

Wata tirela ta taho daga Idu. Har yau ban san dalilin da ya sa ƙarar tirela ba ta damun Zaid ba, alhali ta kilifa tana sa shi kuka. Ya sauke hannuwansa, jikinsa ya tsaya cak, idanunsa suka bi tayoyin har ta wuce.

Ya ce, "Sha takwas."

Obadiah ya ɗauko almakashi ya zauna kusa da shi a dakalin. Da wata tirelar ta zo, ya buɗe almakashin ya rufe a iska, nesa da kan yaron. Zaid ya ce, "Ashirin da biyu." Haka suka yi har kusan magariba, ba a taɓa gashi ko sili ɗaya ba.

Na ce, "Obadiah, kwana shida fa ya rage."

"Oga, ina da kalanda."

Laraba aka fara. Tsarin shi ne: tirela ta zo, Zaid ya shiga ƙirga, Obadiah ya datsa sau uku ko huɗu, ta wuce, ya janye hannu. Daga ƙeya ya fara, layi-layi zuwa sama, kamar mai yin kunya a gona. Ranar tirela sha huɗu suka wuce, aka gama ƙeya. Alhamis uku kacal muka samu. Na koma bakin titi da rigar ofis, ina leƙen hanyar Idu kamar mai jiran baƙo. Wani ɗan acaɓa ya tsaya ya tambaye ni ko an sace mini mota ne. Juma'a Allah Ya kawo ayarin motocin siminti, Obadiah ya gama gefe da gefe, saura curi guda a tsakiyar kai.

A ranar mahaifiyata, Hajiya, ta iso daga Funtuwa. Shekara uku tana gaya mini abin da ke damun jikanta aljanu ne, a kai shi ruƙiyya. Shekara uku ina ba ta amsa da takardun asibiti. Ta shigo falo, ta ga Zaid, ta ajiye jakarta a hankali.

A garinmu a da, idan aka ga yaro da tukku, wato an aske kai an bar curi a tsakiya, an san da dalili: ko iyayen sun yi ta binne 'ya'ya kafin shi, ko wani mai magani ya ce a bar wa iskoki rabonsu.

"Abdulƙadir, wurin malamai na ce ka kai shi, ban ce wurin 'yan bori ba. Wane bokan ne?"

"Hajiya, mai aski ne."

"Sunansa?"

"Obadiah."

"Inna lillahi! Har bokan ma ba ka samu na gida ba?"

Mashkura ta shige kicin da sauri. Na ji ta kunna famfo don kada a ji dariyarta.

Asabar Hajiya ta ce da ita za a je. Ta ƙulle sabuwar reza a gefen mayafi, ta ce in mutumin ya ƙi, ita za ta ƙarasa, ai ita ta yi wa 'ya'ya bakwai aski.

Obadiah ya share mata benci. "Sannu da zuwa, Mama."

"Kai ne?"

"Ni ce."

"Wa ya ce ka bar masa wannan abin?"

"Tirela ta ƙare, Mama."

Ta juyo ta kalle ni. Na ce ta yi haƙuri ta gani da idonta.

Tirela ta zo. Obadiah ya kai almakashi ga curin. Hannun Zaid ya tashi ya damƙe gashin, ƙirgan ya tsaya a bakwai. Obadiah ya janye. Ta biyu ta zo, haka. Ya mayar da almakashin aljihu.

"Oga, wannan ba na yanka."

Na ce, "Jibi ne Litinin."

"Na sani. Ba na yanka."

Hajiya ta fara kwance gefen mayafi. Daidai nan wani mai a-daidaita ya danna hon a gaban shagon, irin mai tsinin nan. Na miƙe, don na san abin da ke biyo baya. Zaid ya runtse ido, ya kama curin yana murzawa tsakanin yatsu biyu, yana murzawa, har ƙarar ta wuce. Bai yi kuka ba.

Obadiah ya ce, "Kin gani, Mama? Birki ce. Kowa tana da birki. In kin cire, da me za ta tsaya?"

Shekara uku ina kallon yaron nan yana murza gashin tsakiyar kansa, na ɗauka ƙaiƙayi ne. Har man shafawa na saya masa.

Obadiah ya ci gaba. "Ƙanena Abraham haka take. Ba ta magana. Ita mazagin wando take riƙewa. Babanmu ta ce abin kunya ne, ta ƙwace. Wata uku Abraham tana buga kai a bango. Muka mayar mata."

Hajiya ta ce, "Yana ina yanzu?"

"Tana Jiwa, tana kiwon awaki. Awaki talatin, ta san kowa. Ni ko 'ya'yana ina rikita suna."

Hajiya ta daina kwance gefen mayafin. Tirela biyu suka wuce, Zaid ya faɗi tayoyinsu. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Mahaifinka ma, Allah Ya jiƙansa, in ana kiɗa a unguwa ɗaki yake shigewa ya rufe, yana murza gemu. Mu cewa muke tsoron Allah ne ya yi masa yawa." Ta sake ƙulle rezar. "To kai wanzami, in barinsa za a yi, a gyara shi. Tukku ba haka yake ba, wannan kamar akuya ta ci ta rage."

Ta tashi ta tsaya a kansa tana nuna masa da yatsa, nan a rage, nan a zagaye. Da tirela huɗu suka fitar da tukku mai kyau, zagayayye kamar bakin kofi.

Litinin da safe Obadiah ya rufe shago, ya sa rigarsa ta coci, ya jira mu a bakin titi. Ya ce almakashi na aljihunsa, in madam ta ƙi sam, gara shi ya yanke da a ba wani. Hajiya ba wanda ya gayyace ta, mun dai tarar da ita a mota.

Madam Rita ta dubi kan Zaid ta gaba, ta zagaya ta duba ta baya.

"An yi ƙoƙari. Amma wannan fa?"

Na buɗe baki, Hajiya ta riga ni.

"Al'adar gidanmu ce. Kowane ɗa namiji da tukkunsa. Ba a taɓawa."

Madam Rita ta kalli kaina, wanda ba tukku ba, gashin ma ya yi ƙaura. Hajiya ta ce, "Nasa zubewa ya yi."

"Wannan kuma wane ne?"

"Wanzamin gidanmu."

"Sunanka?"

"Obadiah, ma."

"Obadiah. Tun yaushe kake wanzamin gidan Hajiya?"

Hajiya ta ce, "Tun kaka da kakanni."

Obadiah ya sunkuyar da kai. "Tun Talata, ma."

Madam Rita ta cire tabarau ta ajiye, ta ce ita shekararta ashirin tana wannan aiki, kuma in ta bar wa ɗaya, gobe iyaye hamsin za su zo mata da al'adu hamsin. Obadiah ya sa hannu a aljihu, bai fito da shi ba.

Sai aka kaɗa ƙararrawar shiga aji, a bakin tagar ofishin take. Madam Rita ta san Zaid da ƙararrawar nan. Sau biyu ana ciro shi daga ƙarƙashin teburinta. Ta juya gare shi tun kafin mu juya. Ya runtse ido, ya kama tukkun, ya murza har aka gama. Sannan ya buɗe ido, ya ɗauki jakarsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran a buɗe masa.

Obadiah ya ce, "Da ma tana yi, ma. Gashi ta yi yawa ne, ba a gani."

Madam Rita ta kalli yaron. Ta mayar da tabarau.

"Malam Abdulƙadir, ka rubuto mini takarda yau. Abin da na gani yanzu za ka rubuta, ba abin da Hajiya ta faɗa ba. Zaid, wuce aji."

Ya wuce. Bai waiwayo ba, da ma ba ya waiwaye.

A mota Hajiya ta juya baya ta fuskanci Obadiah.

"Kai ko ɗan rufin asirin nan ba ka iya ba? Tsohuwa da ni ka kunyata a gaban mutane?"

"Mama, yi haƙuri. Jiya na je coci."

"Da Laraba ce fa?"

Ya yi ɗan tunani. "Da na ce tun kaka. Ban da kakanni."

Zaid ya yi shekara huɗu a makarantar, da tukkunsa.